Jakin Nomau da Itatuwa Masu Fito

Dalilin da ya sa itatuwan dajin Zangon Nomau suke fito, alhali ba baki gare su ba balle leɓe, shi za ku ji yau, in kun bar ni na yi magana. Duk wanda ya san zai riƙa katse ni da "to daga nan fa?", ya tashi tun yanzu ya je ya taya uwarsa tsintar shinkafa. Sauran ku matso.

Wanda ya taɓa zuwa kudu, can inda ƙasa ta ƙare teku ya fara, ya ga dajin. Itatuwa ne dogaye miƙaƙƙu, ganyensu ba ganye ba, wasu siraran zaruruwa ne kamar gashin wutsiyar doki. 'Ya'yansu ƙanana masu kaushi, in ka taka ɗaya ba takalmi sai ka kira sunan kakarka. A ƙasa ƙaguwa tana haƙa rami, a sama jemagu suna reto, guza yana shanya jiki a kan kututture, in lokacinta ya yi kififiyar teku ta fito ta binne ƙwai a yashi ta koma. Mutanen birni suna zuwa shan iska, jaka a baya, gorar ruwa a hannu. Su shiga suna dariya, su fito da yamma suna zagin juna, don babu hanya ɗaya a dajin da take tafiya a miƙe. Kuma duk inda ka tsaya sai ka ji kamar wani yana maka fito ta baya. Ka waiwaya, ba kowa.

To, da ba haka yake ba. Da ganyen itatuwan faffaɗa ne kamar na gamji, dajin shiru kamar gidan makoki, ko hanyar ɓera babu a cikinsa.

A wancan zamani an yi wani mutum, Nomau, manomin albasa daga bakin Gulbin Rima. Ya san fadama kamar yunwar cikinsa. Abin da ya buɗe ido ya tarar ke nan: damina ta zo, gulbi ya cika ya tumbatsa; kaka ta yi, gulbi ya janye ya bar ƙasa mai laima, kowa ya ruga ya ja fangalinsa ya yafa iri. Gulbi kuwa in ya tafi ya tafi ke nan, sai baɗi. Haka ruwa yake a wurin Nomau, haka yake a wurin ubansa da kakansa.

Da uban ya rasu, yayyen Nomau suka raba fadamar a tsakaninsu, suka bar masa wani lungu da ko akuya ba za ta kwanta ta miƙe ƙafa ba. Nomau ba ya haɗiye irin wannan. Ya faɗa musu abin da ya faɗa, wanda ba na kunnen yara ba ne, ya ƙulle irin albasarsa a tsumma, ya ɗauki matarsa Tabawa da jakinsa, ya bi ayarin fatake masu zuwa kudu sayen goro.

Jakin nan, baƙi ne, sunansa Duna. Uwarsa ta mutu yana ɗan mitsitsi, Nomau ya raine shi da kunu da nonon akuya. Allah bai ba su haihuwa ba tukuna, shi da Tabawa, don haka duk tarairayar gidan a kan Duna ta ƙare. Bai taɓa sa masa igiya ba, bai taɓa dabaibaye shi ba, bai taɓa ɗaga masa sanda ba. Fito kawai yake masa, wani irin fito mai hawa sama ya karyo ƙasa. Ko Duna yana bayan tsauni, in ya ji sai ya zo da gudu ya sa hanci a hammatar Nomau.

Fatake suka riƙa tsokanarsa a hanya. "Nomau, wannan jaki ne ko ɗan fari?"

"Ɗan fari ne," in ji shi, "kuma ya fi naka jin magana."

Ayari ya tsaya a kasuwar goro. Nomau ya duba ƙasar, kurmi ne ko'ina, ba fadama. Wani ya ce masa in ya ƙara gaba akwai wani babban gulbi da ba a taɓa ganin irinsa ba. Bai tsaya tambayar komai ba, ya yi wa Duna fito suka wuce.

Da hantsi suka ɓullo bakin ruwan, ta gefen dajin nan mai shiru. Nomau ya tsaya ya saki baki. Ruwa iyakar gani, ba a hango ɗaya gaɓar. Amma ba girman ne ya tsayar da shi ba. Ruwan janyewa yake yi, a kan idonsa, yana barin fili shimfiɗe jiƙe sharkaf, ba ciyawa, ba kututture, ba shaidar gonar kowa.

"Tabawa! Kina ganin abin da nake gani? Gulbi yana janyewa, kuma mu muka riga kowa!"

Tabawa ta tsuguna ta ɗebi ruwan da tafi, ta kurɓa, ta tofar. "Maigida, wa ya zuba wa ruwan nan gishiri?"

"Kanwa-kanwa ce, taki ne. Miƙo min fartanya."

"To ina mutanen garin? Fadama kamar wannan a ce ba wanda ya kafa ko tsinke?"

"Ragwaye ne. Ba ki ga tun da muka shigo ƙasar nan kifi kawai suke ci ba?"

Ya tuɓe riga ya kama jan fangali. Can gefe, a gindin kwakwa, wani tsohon masunci mai suna Kwashi yana ɗinkin taru. Ya ɗan iya Hausa ta cinikin busasshen kifi. Ya daɗe yana kallon Nomau, sannan ya ajiye tarun ya tako.

"Sannu, baƙo. Me kake yi?"

"Noma, Baba. Ko filin naka ne?"

"Ba nawa ba. Na ruwa ne. Ruwa yana zuwa."

"Na sani, da damina. Kafin nan na cire albasata na kai kasuwa."

"A'a. Yau."

Nomau ya ɗaga kai. Sama tas, ko ɗigon girgije babu. "Yau? An yi ruwa ne a can sama, wajen mafarin gulbin?"

"Ba a yi ba. Yana tafiya, yana dawowa. Safe, yamma. Kullum."

Nomau ya karkata wajen matarsa ya rage murya. "Tsufa ne. Allah ya sa mu gama lafiya." Sannan ya ɗaga murya: "To Baba, mun gode, a gai da gida."

 Kwashi ya je ya ja kwalekwalensa can tudu ya ɗaure, ya koma gindin kwakwa ya gyara zama.

Kuna dariya ko? Ku yi ta yi. Ku ɗin ma da a tudu kuka tashi, wa zai gaya muku akwai gulbin da yake damina da rani sau biyu a yini ku yarda?

Azahar ta gota, Nomau yana duƙe, ya ba ruwa baya, ya gama yafa iri. Sai ya ji sanyi a dunduniya. Ya duba, ruwa yana bin fangalinsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar an buɗe masa kwararo.

"Allahu akbar! Tabawa, zo ki ga fadama mai yi wa kanta ban ruwa!"

"Maigida, waiwaya."

"Ki bari na..."

"Na ce ka waiwaya!"

Ya waiwaya. Igiyar ruwa ce tafe, tsayin katanga, da farin kumfa a kanta. Duna yana tsaye can gaba da mangala a bayansa, gero da tabarma da gorar ruwan sha duk suna ciki. Jakin da tun da aka haife shi bai taɓa ganin ruwa ya taso wa mutum a tsaye ba. Igiyar ta fashe a kansa. Ya kwarma ihu ɗaya, ya ɗaga wutsiya, ya faɗa dajin nan da gudu. Nomau ya tattara leɓe zai yi fito, igiya ta biyu ta cika masa baki ta kifar da shi.

Da ya miƙe, ba fartanya, ba fangali, ba iri, ba jaki. Tabawa ta ja shi tudu yana tari yana dube-dube kamar wanda aka tasa daga barci.

"Tabawa, wata nawa muka yi a nan?"

"Wane irin wata? Ko la'asar ba a yi ba."

"To damina ta sauka ba hadari?"

"Ni ma ban sani ba."

"Ko mun mutu ne?"

"Da mun mutu da ba ka dame ni da tambaya ba. Tashi mu nemi Duna."

Kwashi ya ba su ruwan daɗi da gasasshen kifi. Ya ce musu dajin nan ba rafi a cikinsa, sai ɗan abin da ya taru a kogon itace, kuma akwai mesa. Jakin da yake ɗauke da kaya ɗaure a ciki, ba mai sauke masa, ba zai daɗe ba. Nomau ya ajiye kifin, ya kasa ci.

Washegari da safe ruwan ya sake janyewa, fili ya shimfiɗu kamar jiya. Nomau ya tsaya yana kallo, hannunsa yana lalube inda fartanya ta saba zama.

"Ya janye kuma," in ji shi.

"Ka kuskura," in ji Tabawa.

Suka kutsa daji. Nomau yana fito, amma faffaɗan ganyen nan sai su haɗiye sautin, ko bishiya ta uku ba ya kaiwa. Ya yi ta yi, iskar gishiri tana dukan bakinsa, har leɓensa ya tsattsage ya fara jini. Ya hura, iska kawai take fita.

Suka iske Ƙaguwa a bakin raminta tana fitar da yashi. A zamanin dabbobi suna magana, kada wani ya tambaye ni yaushe suka daina.

"Salamu alaikum, Ƙaguwa. Ko kin ga wani baƙin jaki?"

"Mene ne jaki?"

"Dabba ce mai dogayen kunnuwa da ƙafa huɗu."

"Huɗu kacal? Allah sarki. Sauran fa, wa ya cire masa?"

"Haka Allah ya yi shi! Kin gan shi ko ba ki gan shi ba?"

"Na gan shi, ya kusa rushe min ɗaki. Biyo ni in nuna maka."

Ta fuskanci gabas, ta zura kudu a guje. Nomau ya ɗaga ƙafa ya rasa inda zai sauke ta.

"Tsaya! Inda kike kallo zan bi ko inda kike tafiya?"

"Kai baƙo, ka cika tambaya," in ji Ƙaguwa, ta shige wani rami.

Suka bi gabas, ba komai. Suka dawo suka bi kudu, sai ga su a bakin teku. Suka sake shiga. Itatuwan duk kama ɗaya, ba kuka ba tsamiya da mutum zai riƙe a matsayin shaida. Rana ma ganye ya rufe ta, Nomau ya rasa gabas har ya yi salla yana fuskantar inda Tabawa ta rantse yamma ne.

Sai suka ji ƙus-ƙus a sama. Jemage ne yana reto a reshe, ido ɗaya a buɗe.

"Malam Jemage, don Allah, ko baƙin jaki ya gifta ta nan?"

"Mai kaya a jiki? Na gan shi ɗazun nan. Ƙafafunsa duka a sama, kansa a ƙasa."

Nomau ya dafe ƙirji ya zube. Duk wanda ya yi kiwo ya san jakin da ƙafafunsa suke sama ya gama. "Inna lillahi! Duna! Ni na kashe ka, ni da fadamar banza!" Ya yi ta birgima yana ɗiban ƙasa yana zubawa a ka.

Tabawa ta tsaya tana kallon Jemage. Ta ce, "Malam, mu fa yaya kake ganinmu?"

"Ke ƙafarki a sama. Shi kuma mijin naki bini-bini yana juyawa, na kasa gane masa."

"Tashi, maigida," in ji ta. "Duna yana raye. Wannan duk duniya a kife yake ganinta."

Nomau ya tashi ya ɗauki dunƙulen ƙasa ya jefi Jemage, bai same shi ba. "Wace irin ƙasa ce wannan? Gulbi ba ya jiran damina, mai nuna hanya ba ya kallon hanya, mai ba da labari a rataye!"

Suka yi ta bulayi har ƙafa ta gaji, suka sake tsintar kansu a gefen daji ta wajen teku. Nomau ya zauna a kan saiwar wata tsohuwar bishiya, ya haɗa kai da gwiwa. Sai ya ji murya ƙasa-ƙasa a kansa.

"Bawan Allah, ka zauna min a kan ciwo."

Ya zabura. Bishiyar ce. Ya duba, saiwoyinta duk a waje suke, yashin da ya rufe su ya zaizaye, ta karkata kamar tsohuwa mai ciwon baya.

"Yi haƙuri, Iya. Ban lura ba."

"Ba wanda yake lura. Iska tana kwashe yashi, ruwa yana lasar abin da ya rage. 'Yan'uwana da suke gabana duk sun faɗi, saura ni. In na faɗi, na baya su biyo. Kai kuma me kake wa kuka?"

Nomau ya ba ta labari tun daga Gulbin Rima. Yana magana yana kallon saiwoyin, don ido na manomin fadama ba ya ganin zaizaya ya kau da kai. Ya ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne. Mu a can in gulbi yana cin gaɓa, zana muke kafawa, mu dasa ciyawa a bayanta. Ƙasa da kanta take taruwa."

"In ka tara min yashi," in ji bishiyar, "me zan yi maka?"

Nomau ya dubi tsayinta, kanta ya fi na kowa a dajin. "Ki yi min fito. Daga can sama zai ji."

"Ban san fito ba. Amma ka koya min."

Aka shirya. Tabawa ta tsinto busassun rassan kwakwa ta saƙa su kamar zana, Nomau ya sari turaku ya kafa, suka ciro wata ciyawa mai yaɗo suka dasa a baya. Kafin rana ta karkata, iskar da take kwashe yashi ta fara jibge shi a gindin zanar. Tsohuwar bishiya ta ji ɗumi a saiwa, ta yi ajiyar zuciya.

"Ka cika naka. To yi in ji."

Nomau ya lashi leɓe, ya daure, ya matse wani siririn fito guda ɗaya, jini yana biyo shi. Bishiya ta jira iska ta zo, ta kaɗa ganye. Fafafafa, kamar mata suna sheƙa.

"Ba haka ba! Ki tsuke!"

Fafafafa.

"Iya, fito na ce, ba fifita ba!"

"To da me zan tsuke? Kai kana da baki."

Tabawa ta tsinki ganye ɗaya tana juya shi. Ita 'yar masu saƙar tabarma ce, tun tana ƙarama take tsaga kaba. Ta sa farce ta tsaga ganyen siri-siri, ta ɗaga shi a iska. Sai ga wani ɗan sauti, wiii.

"Iya, in kin yarda in tsaga miki," in ji ta. "Amma ki sani, abin da aka tsaga ba ya komawa."

"Tsaga, 'yata. Alkawari na yi."

Tabawa ta ɗaure zani ta hau. Reshe bayan reshe tana tsagawa, Nomau yana ƙasa yana gyara sautin: "Ƙara na sama. Rage na hagu. Yauwa!" Can iska ta taso daga teku ta ratsa bishiyar, sai ga fiton Nomau sak, mai hawa sama ya karyo ƙasa, amma da ƙarfin da ba bakin mutum da zai iya.

Suka kasa kunne. Daga can nesa, ƙuryar daji, sai suka ji kukan jaki.

Nomau ya daka tsalle. "Shi ne! Duna ne! Iya, ƙara!"

Bishiya ta ƙara. Kukan ya sake zuwa, ya ɗan matso. Amma Nomau ba shi da haƙurin jira. Gani yake jakin ya yi nisa da yawa, ga ƙishirwa, ga mesa. Ya juya ya fuskanci dajin gaba ɗaya ya buɗe murya.

"Ku ma ku taya ta! Duk ku yi! Zan kafa wa kowa zana!"

Tabawa ta leƙo daga sama. "Maigida, ɗaya ta isa. Ga shi yana zuwa."

"Ke me kika sani? In ɗaya ta kawo shi gobe, dubu za su kawo shi yanzu!"

Itatuwan dama tun ɗazu suke kallo, kowace tana sha'awar abin. Tun da aka halicce su ba su taɓa yin wani sauti ba sai faɗuwa. Suka kama goga rassa da juna, suna yayyage ganye, na kusa ta koya wa ta nesa. Kafin Tabawa ta sauko, dajin gaba ɗaya ya ɗauka. Fiton Nomau a gabas, fiton Nomau a yamma, a gaba, a baya, a sama.

Kukan Duna ya zo daga dama. Nomau ya ruga dama. Ya zo daga hagu. Ya juya hagu. Ya ji shi kusa kamar zai taɓa shi, ya ji shi kuma ya yi nisa. Ya tarar da sawun kofato ya bi, sawun ya tafi a miƙe, ya yi kwana, ya zagaye wata bishiya, ya dawo ya gitta kansa, ya rabu biyu. Bawan Allah Duna, duk bishiyar da ta kira shi sai ya nufe ta da gudu, kafin ya kai wata ta kira shi ta baya. Ya tattake ciyawa, ya karya ƙananan rassa, ya huda dajin ta ko'ina yana neman ubangidansa.

Nomau ya koma wurin tsohuwar bishiya yana haki. "Iya, ki ce su yi shiru! Na tuba, ki ce su bari!"

"Ba mu muke yi ba yanzu, ɗana. Iska ce. Muddin tana busawa, haka za mu yi ta yi. Matarka ta gaya mana tun farko."

"To ki ce wa iskar ta tsaya!"

"A bakin teku?"

Haka Nomau ya koma yana bin sawu, Tabawa tana biye da shi da ƙwaryar ruwan da Kwashi ya ba su. Ba su ƙara jin kukan ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Sai washegari da rana tsaka suka faɗa wani ɗan fili, inda hasken rana yake saukowa ta tsakanin tsagaggen ganye. Ga Duna a tsaye. Mangala ta zame ta koma ƙarƙashin ciki, bayansa ya saluɓe. Kunnuwansa kawai suke motsi, wannan ya juya nan, wancan ya juya can.

Tabawa ta kwance kayan ta ajiye masa ruwa, ya sha har ya lashe ƙwaryar. Nomau ya shafa wuyansa yana hawaye yana dariya. Sannan ya ja da baya, ya shafa man kaɗe a leɓe, ya tsaya daidai gaban jakin, ya yi masa fito.

Duna bai ɗago ba.

Ya sake yi, da dukan ƙarfinsa. Duna ya juya kunne ɗaya wajensa, ya juya ɗayan wajen wata bishiya, ya sunkuyar da kai. An kira shi sau dubu da wannan murya, sau dubu ya je bai tarar da kowa ba. Ya daina yarda.

"Duna, ni ne fa. Wannan nawa ne, na gaske."

Itatuwa suka amsa masa da irin nasa daga kowane gefe.

 Can Nomau ya miƙa hannu ba tare da ya dubi matarsa ba. "Ba ni igiyar mangalar nan."

Tabawa ta miƙa masa. Ya rasa ma yadda ake ƙulla ta a wuyan jaki, sai da ta gyara masa. Ya ja a hankali. Duna ya biyo shi.

Nomau bai koma Gulbin Rima ba. Ya yi wa itatuwa alkawarin zana, kuma duk zafin kansa ba ya saɓa magana. Ya kafa bukka a gefen dajin, shi da Tabawa suna kafa zana suna dasa ciyawa, Duna yana ɗauko musu rassan kwakwa da igiya a wuya. Yashi ya tsaya, dajin ya yaɗu ya bi gaɓar teku. Fatake suka fara sauka a wurinsu, bukka ta zama zango, zango ya zama gari. An ce har ya tsufa ba a sake jin Nomau ya yi fito ba.

To shi ya sa har yau ganyen itatuwan nan yake a tsage siri-siri, kuma iska ba ta ratsa su ba tare da sun yi fito ba, suna kiran jakin da tuni aka same shi. Hanyoyin nan masu murɗe-murɗe da masu shan iska suke bi suna ɓata, ba mutum ne ya share su ba, sawun Duna ne. Saboda haka in Allah ya kai ɗayanku can, ya ji an yi masa fito daga dama, kada ya bi. In an yi daga hagu, kada ya bi. Ya riƙe hannun wanda ya zo da shi, ya riƙe da kyau. Yanzu ku tashi ku ba ni wuri, makogwarona ya bushe.